Muryar da Ba Ta Numfashi

Jawabin da Malam Mu'azu, tsohon ma'aikacin ruwa na Tiga, ya karanta a Yako, a taron tunawa da marigayi Mas'ud Aminu mai haɗa sauti, ranar da ya cika kwana arba'in da rasuwa.

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe wakilin Mai Girma Hakimi. Allah ya gafarta Malam Liman. Dagatai da masu unguwanni da suka taso daga Kiru da Bebeji, da waɗanda suka zo tun daga Tudun Wada da Doguwa, Allah ya ja zamaninku. Arɗo da jama'arka, sannunku da hanya. Hajiya Lubabatu, mahaifiyar marigayi, Allah ya ƙara miki haƙuri. Ubale, yayansa. Zulaihat, matarsa, da ke cikin takaba tana jinmu ta lasifika daga cikin gida, da 'yarsa Aisha Humaira. Mawaƙa da masu haɗa sauti, abokan aikinsa. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum.

A yi mini uzuri, a zaune zan yi magana. Ƙafafun ba sa ɗaukata kamar da, idon ma sai da na rubuta wannan takarda da manyan baƙaƙe. Na san wasunku suna tambayar juna, me ya haɗa wannan tsoho da masu kiɗa? Ni ba mawaƙi ba ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a ma'aikatar ruwa ina duba ma'auni ina rubutawa, har na yi ritaya. Abokan aikin marigayi ne suka same ni a gida suka ce ni zan yi magana, wai in aka cire danginsa babu wanda ya kai ni zama da shi. Na amsa ne domin akwai abin da nake ɗauke da shi kwana arba'in, kuma ba na so in mutu da shi. Zan zo kansa. Amma ku bari in fara da mutumin.

Ya kasance mai aikin da ba a ganin mai yinsa. In waƙa ta yi daɗi a gidan biki, mawaƙi muke yi wa liƙi. In 'yan Islamiyya suka rera ƙasida ranar sauka har iyaye mata suka yi ƙwalla, malaminsu muke yi wa barka. Ba ma tambaya wa ya yi yini biyu a ɗan shago mai bango liƙe da katifa, da abin saurare a kunne, yana ɗaga murya nan, yana sassauta ganga can, har kowane sauti ya sami wurin zamansa. To, Mas'ud ne. Ba ya ƙarƙashin wani kamfani, ba shi da albashi, ba shi da ubangida sai wanda ya kawo aiki ran nan. Yau mai waƙar aure daga Tudun Wada, gobe mai tallan taki, jibi wani da bai taɓa ganin fuskarsa ba ya turo masa aiki ta waya daga nesa. Ya taɓa ce mini, "Baba, ni fa tela ne. Kowa ya kawo yadinsa in ɗinka masa, ya sa ya fita, a ce wane ya yi kyau."

Sanadin haɗuwarmu rediyo ne. Ina da wani tsohon rediyo mai kaset, mai lasifika ɗaya, wanda na saya tun ina sabon ma'aikaci. Shekara tara ke nan, Mas'ud ya zo Tiga ɗaukar waƙar masunta, ruwan sama ya koro shi ya fake a zaurena. Rediyon yana kunne. Ya yi tsit yana saurare, can sai ya ce, "Baba, za ka riƙa ba ni aron wannan dattijon?" Na ce, "Kai da ka zo da na'urori cike da jaka, me za ka yi da tsohon ƙarfe?" Sai ya bayyana mini. Ya ce manyan lasifikun shagonsa 'yan fadanci ne, duk abin da ka sa musu sai su ce ya yi. Amma mutanenmu ba da su suke jin waƙa ba. Da ƙaramar waya suke ji, da rediyon mai shayi, cikin hayaniyar kasuwa. Abin da ya fito sarai a wannan rediyo nawa, zai fito sarai ko'ina. Ya ɗauke shi ya gyara masa wurin sa memori, ya raɗa masa suna Alƙali.

Tun daga nan, duk ranar Alhamis bayan la'asar sai in ji ƙarar babur ɗinsa.

"Salamu alaikum, Baba. Alƙali ya zauna?"

"Ya zauna, sai dai batir ya yi sanyi."

"Kai, Alƙalin nan naka ba ya zama sai da toshi!"

Sai ya zaro batir daga aljihu. Mu zauna a tabarma ya sa aikinsa na mako, ya runtse ido. In na ce ban ji abin da mawaƙin ya faɗa a baiti na biyu ba, sai ya rubuta, ya koma ya sake. Bai taɓa ce mini kunnena ne ya tsufa ba, ko da yake ya tsufa.

Ya kasance ba ya yanke numfashi. Waɗanda ba su san sana'ar ba, ga abin da nake nufi. In mutum yana waƙa, tsakanin baiti da baiti yakan ja numfashi, kuma makirfo yana ɗauka. Masu wannan aiki da yawa sukan bi su goge shi don waƙa ta fito sumul. Mas'ud ya ƙi. Abokansa suna zaune a nan, sun sha yi masa tsiya a kan haka. Har wani mawaƙi ya taɓa mayar masa da aiki ya ce, "Ni waƙa na kawo maka, ba haki ba." Ya sassauta masa numfashin, amma bai cire ba. Ya ce da ni, "Baba, in na cire numfashi, ta yaya mai saurare zai san mutum ne ya yi?" A lokacin dariya na yi. Yau ba na dariya.

Ya kasance in aiki ya yi sauƙi, ba ya zama a benci ana hira. Sai ya hau babur ya shiga ƙauyuka da rugage yana neman tsofaffi. Waƙar niƙa, waƙar daɓe, gangar noma, kiran shanu, waƙar da masunta ke yi in suna jan taru. Ba wanda ya sa shi, ba wanda ya biya shi. Ya ce abubuwan nan suna bin masu su kabari, kuma jikokinmu za su so su ji. Ya tara muryoyin mutum ɗari da arba'in a cikin wani ɗan baƙin akwati da bai fi tafin hannu ba, wanda yake kira rumbu. Fiye da rabinsu yanzu ba sa duniya. Akwai kakanninku a ciki. Akwai iyayen wasu da nake gani a zaune.

Kuma yana da wata ƙa'ida da bai taɓa karyawa ba. Kafin tsoho ya buɗe baki, sai Mas'ud ya fara magana a makirfo, ya faɗi sunansa da rana da wuri, sannan ya tambaya: "Inna, kin yarda in ɗauki muryarki? Wa kika yarda ya ji ta?" Abin da mutum ya faɗa, shi ne doka. Wani ya ce duniya duk ta ji. Wata ta ce 'ya'yanta kaɗai.

Matata Asabe tana cikinsu. Wata Alhamis muna zaure, ita tana tsakar gida tana sheƙar gero tana ɗan rera abinta. Ya ɗaga mini hannu in yi shiru, ya yi sallama ya leƙa, ya roƙe ta. Ta ce, "Kai ɗan nan, muryar tsohuwa me za ka yi da ita, miya za ka kaɗa?" Ya nace. Ta ce, "To na yarda, amma Malam kaɗai." Minti huɗu ne. Tana waƙa, ta tsaya ta kori kaza, ta yi tari, ta ci gaba. A ƙarshe ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ruwan alwalarka fa yana hucewa." Bayan wata bakwai ta rasu. Allah bai ba mu haihuwa mai rai ba, 'yan'uwana kuma duk sun riga ni. Shekara shida ke nan ni kaɗai a gidan nan. Mas'ud ya so ya zuba mini muryar a memori in riƙa ji duk sa'ad da na so. Na ƙi. Na ce masa in tana hannuna zan yini ina juya ta har in manta da salla. Wannan gaskiya ne, amma rabin gaskiya. Ɗaya rabin shi ne ina tsoron in ya ba ni, ya daina zuwa. Don haka kowace Alhamis, in Alƙali ya gama shari'a, sai ya jona rumbu da kwamfutarsa ya sa mini Asabe sau ɗaya, ya fita ƙofar gida wai zai duba babur.

Jama'a, da a nan labarin ya tsaya, da na yi addu'a na miƙa makirfo. Amma bai tsaya ba, kuma wasunku sun san sauran.

Akwai wata baiwar Allah, Inna Balaraba, a rugar da ke yamma da Ɗansoshiya. Murya gare ta wadda in ta ɗaga, shanu sukan juyo. Mas'ud ya ɗauki waƙoƙinta, ta kuma ce duniya duk ta ji. Bayan rasuwarta, wani daga cikin masu turo aiki ta waya ya ce yana son muryar tsohuwa da zai ƙawata farkon wata waƙa. Ya ce a turo ta zalla, ba kiɗa a ƙarƙashi, don ya ji ko za ta hau. A sana'arsu wannan ba baƙon abu ba ne, kullum ana yi. Mas'ud ya duba, ya ga ta ba da izini, ya tura. Mutumin ya ce bai dace da aikinsa ba, ya yi godiya. Daga nan lambarsa ta daina shiga.

Daminar bara, dawa ta kai ƙugu, Habu ɗan Inna Balaraba ya shigo kasuwar Yako sayen kanwa. Yana wucewa ta rumfar masu tura waƙa a waya sai ya ji uwarsa. Uwarsa da ya sa a kabari da hannunsa. Tana waƙar da bai taɓa ji ba, tana zagin manoman ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, tana kiransu ɓarayin burtali, tana cewa bana shanu ne za su girbe musu dawa. Matar da ta yi shekara arba'in tana kai nono gidajen nan, ana zuba mata gero a ƙwarya. Waƙar ta riga ta shiga wayoyi. Samarin manoma suka ce ashe abin da ke cikin zuciyar mutanen nan ke nan. Samarin ruga suka ce an ci mutuncin gawa. Mun san abin da ya rage kaɗan ya faru a wannan mako. Mun ga sandunan da ba na kiwo ba.

Alhamis ɗin nan Mas'ud ya shigo zaurena bai tambayi Alƙali ba. Ya zauna ya ce, "Baba, Habu ya zo shago. Ya ce ni na ɗauki muryar Inna, in faɗa masa yaushe ta yi wannan. Wallahi ba ta yi ba. Amma muryarta ce, ni kaina na kasa musawa." Ya gaya mini yanzu an yi wata na'ura da in ta saurari muryar mutum na ɗan lokaci sai ta haddace ta, daga nan duk abin da aka rubuta mata za ta faɗa da wannan murya. Kuma abin da ta fi so shi ne murya zalla, wadda ba kiɗa a ƙarƙashi.

Na ce ya sa mu ji. Ya sa. Muryar ce, babu ko shakka, har da ɗan karkarwar nan tata. Amma wani abu bai zauna mini daidai ba, ban san mene ne ba. Na ce ya maimaita. Da aka kai tsakiya sai na riƙe hannunsa na ce, "Ɗan nan, matar nan ba ta numfashi."

Ya zuba mini ido. Ya mayar farko. Minti uku cur, baiti na bin baiti, babu inda aka ja iska ko sau ɗaya. Alhali Inna Balaraba ta gaskiya tsohuwa ce mai ciwon ƙirji, in ta ja numfashi har wani ɗan fito ake ji.

Washegari ya ɗauke ni a babur ina rungume da Alƙali, muka je gaban Dagaci da Arɗo, ga su nan zaune, su ne shaidata. An tara manoma gefe guda, mutanen ruga gefe guda, ba mai kallon wani. Mas'ud ya miƙe ya ce, "Kafin komai, laifin nawa ne. Ni na tura muryarta ga wanda ban sani ba." Ba wanda ya tilasta masa faɗin haka. Sannan ya ce kowa ya yi shiru ya saurari abu ɗaya kawai, numfashi. Ya sa ta gaskiya. Ya sa ta ƙarya. Ya sake, ya kuma sake. Habu ya ce, "Ta farkon Inna ce. Ta biyun ban san ta ba." Wani dattijo cikin manoma ya ce, "Ni ma na yi mamaki, Balarabar da ba ta iya ƙare gaisuwa sai ta huta." Aka yi 'yar dariya, aka yi fatiha, aka watse. A wannan yini Mas'ud ya kashe mana wutar da da ta ci gonaki da rugage, wataƙila da rayuka. Ba a rubuta shi a jarida ba. Mu ne muka sani.

Amma shi bai sake samun natsuwa ba. A hanyar komawa ya ce mini, "Baba, yau mun tsira don na'urar ta manta da numfashi. Gobe za a koya mata." A ma'aikatar ruwa an horar da mu mu riƙa zagaya bangon madatsar ruwa muna duba ƙasa. Ba ɓaraka muke nema ba, danshi muke nema, ɗan wurin da ciyawa ta fi kore ba dalili. Wanda ya jira sai ya ga ɓaraka, ba shi ne zai ba da labari ba. Abin da ya faru a kasuwar Yako danshi ne, jama'a. Ruwan yana baya.

Ya kasance in ya gane kuskurensa ba ya tsayawa da-na-sani. Ya yanke shawara zai mayar wa kowane gida da muryarsa. Sai ya zuba ta a memori, ya naɗe a takarda, ya rubuta suna, ya kai da kansa, ya gaya wa iyalin haɗarin da ke ciki, sannan ya dawo ya goge tasa daga rumbu. Aikin shekara goma yake rushewa da hannunsa, gida gida. Ya kai wajen arba'in. Ɗari suka rage.

Alhamis ɗinsa ta ƙarshe, bayan ya sa mini Asabe, ya zare rumbu ya ɗora a cinyata. Ya ce, "Baba, ajiye mini. An fara kirana ana tambayarsa." Na ce su wa? Ya ce, "Lamba ce kawai, ba suna. In na dawo daga Doguwa zan karɓa." Ya leƙo daga kan babur ya ce, "A gaida Alƙali, a ce masa toshinsa na nan tafe." Ranar Asabar da hantsi, ana yayyafi, bayan ya wuce Tudun Wada, babur ya zame da shi, mota ta biyo baya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A aljihunsa an sami ƙunshin takarda guda uku, kowanne da sunan gidan da za shi.

Yanzu na zo kan abin da na ce ina ɗauke da shi.

Ranar sadakar bakwai wasu mutum biyu sun zo ta'aziyya cikin mota. Ba wanda ya san su. Sun yi doguwar addu'a, sun kawo buhun shinkafa. Sannan suka ja Ubale gefe. Ba su tambayi kwamfuta ba, ba su tambayi lasifika ko makirfo ba. Rumbu suka tambaya, muryoyin tsofaffi zalla, suka kuma yi tayin da zai riƙe marainiya shekaru. Suka ce za su dawo ranar rabon gado. Ranar rabon gado jibi ce. Ban sani ba ko akwai mai saurare a madadinsu cikin taron nan. In akwai, ya ji da kyau.

Ubale, ka zo har Tiga ka tambaye ni ko na san inda rumbu yake, domin kun birkice shago ba ku gani ba. Na ce maka Allah ya bayyana. A lokacin yana ƙarƙashin matashin da kake jingine da shi. Ka yafe mini. Na gaya wa kaina tsoron mutanen nan ne ya sa na yi shiru, kuma akwai wannan. Amma akwai son kai. Asabe tana ciki. Ba ni da kwamfuta, ba zan iya jin ta ba. Duk da haka Alhamis biyar ina fito da akwatin nan bayan la'asar in ajiye shi kusa da rediyo, mu zauna mu uku, ba mai cewa komai.

Makon jiya na kai maganar ga Malam Liman. Ya ce akwatin dukiyar magada ne, ba ni da ikon riƙe shi ko yini ɗaya. Kiɗan da Mas'ud ya haɗa da hannunsa, da na'urorinsa, halalinsu ne, su sayar ko su ajiye. Amma muryoyin mutane amana ce da aka ba shi bisa sharaɗi, ita kuwa amana ba a rabon ta a gado, mayar da ita ake yi. Ga rumbu nan. A karɓa a ajiye gaban Malam Liman, kowa ya gani. Na sauke.

Ubale, ba na ganin laifinka. Kai aka bar wa uwa tsohuwa da marainiya, kai za a tambaya hatsi da kuɗin makaranta, ba ni ba. Ba ni da abin da zan ba ka a madadin abin da suka taya. Abin da nake da shi kawai shi ne in gaya maka abin da za ka sayar. Akwai liman a ciki, akwai ungozoma, akwai sarkin noma, akwai mutanen da in suka yi magana a ƙasar nan ba a musu. Zaɓe na zuwa, damina na zuwa kowace shekara. Ka yi tunanin ranar da za a ji ɗayansu a kasuwa yana cewa a tashi a far wa su wane, kuma a wannan karon yana numfashi.

Zulaihat, 'yata, na san kina ji. Ki yi haƙuri da abin da zan faɗa. A farkon kowace murya da ke cikin akwatin nan akwai muryar mijinki, zalla, ba kiɗa, yana faɗin sunansa yana neman izini. Sau ɗari. Babu wanda na'urar za ta haddace da sauƙi kamarsa. Aisha Humaira shekararta biyar. Wata rana za ta girma ta riƙe waya. Ba na so wayar ta yi ƙara ta ɗauka ta ji ubanta yana ce mata ta fito, yana jiranta a bakin titi.

Hajiya Lubabatu, ke kika haife shi, maganarki ta fi tawa nauyi a gidan nan. Ɗanki ya rasu a kan hanyar mayar da amana. Saura gida ɗari.

Abokan aikinsa sun ce mini a shirye suke. Sun zo da kwamfuta, tana cikin zaure. In iyali sun yarda, za su raba sunayen tsakaninsu, na Kiru su ɗauki Kiru, na Doguwa su ɗauki Doguwa, a kai wa kowa tasa, a goge, a miƙa wa magada akwatinsu wankakke. Mu kuma jama'a, da muka ci moriyar mutumin nan ba mu sani ba, kada mu bar Ubale shi kaɗai da marainiya. Wanda ya karɓi muryar kakarsa, ya tuna da 'yar wanda ya adana masa ita.

Ba zan roƙi wani ya rabu da abu ba alhali ni ina riƙe da nawa. In kun yarda, a fara da Asabe, yau, kafin magariba, a gaban kowa. Kuma kada a zuba mini ita a memori. Na yi tunani a kai. Shekarata tamanin da ɗaya. Ranar da aka fitar da ni daga gidan nan, baƙi ne za su kwashe kayana, ba ni da wanda zan bar wa ita ya tsare. Cewa ta yi Malam kaɗai. Abu ɗaya nake roƙo: a jona ta da Alƙali, na zo da shi, ga shi a ƙarƙashin kujerata, na sa masa sabon batir. A ba ni zaure ni kaɗai minti huɗu. In kun ji ta ce ruwan alwala yana hucewa, ku shigo ku goge.

Ina godiya ga shugabanni da suka bar ayyukansu suka zo. Ina godiya ga ƙungiyar masu haɗa sauti da suka ga tsoho ya cancanci makirfo. Ina godiya ga wannan gida da ya ba ni aron ɗansa kowace Alhamis shekara tara. Wanda na ɓata wa rai da maganata ya yafe mini, ba lalle ne mu sake haɗuwa ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Mas'ud ɗan Aminu. Ka yafe masa kuskurensa, ka karɓi gyaran da ya fara, ka yalwata masa kabarinsa. Ka ba mahaifiyarsa da matarsa haƙuri, ka raya Aisha Humaira, ka buɗa wa Ubale ta inda bai zata ba. Ka jiƙan Inna Balaraba da Asabe da duk waɗanda ke cikin akwatin nan. Ka tsare gonakinmu da rugagenmu daga abin da ke tafe. Ya Allah, kai ne ka san abin da kowane harshe ya faɗa da abin da aka ɗora masa. Ka bar matattunmu su yi shiru. Mu kuma, ranar da numfashinmu ya tsaya, ka sa maganarmu ta tsaya tare da shi.

Amin. A yi mana fatiha.